Ɗan Ayun da Ya Bi Kwalekwalena

Kwalekwalen da Ustaz Midhat ya sayo daga Alƙahira na roba ne, sirara, kowanne mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka. Akwai ja, akwai rawaya, akwai shuɗi. Ɗaya ne kawai mai ruwan toka, shi kuma baƙi ba sa son sa don ba ya kyau a hoto. Shi ya zama nawa.

Aikin ba wuya. Na gama sakandare na dawo gida da ɗan Turancin da ba wanda ya nema sai Ustaz Midhat, mai masaukin baƙi a gefen tafkinmu. Da safe in ba kowa filafili da rigar hana nutsewa, in shiga gaba, su biyo ni cikin itatuwan shura da suka tsiro a ruwan gishiri. In nuna musu zalɓe a tsaye kamar an dasa shi, da gaggafar kifi a kan sheƙarta, da ƙaguwa suna tserewa cikin saiwa. A ƙarshe in kai su bakin tafki, inda ya buɗe wa teku, inda ciyawa ta rufe ƙasan ruwa. A nan muke ajiye filafili mu jira ayu.

Ayu ɗaya ce ta saba da mu. Tsofaffinmu amaryar teku suke ce mata. Takan ɗago hanci ta ja numfashi, fuuu, ta koma kiwo. A bazarar nan ta haihu. Tun daga nan ɗan yake manne da ita, ko a gadon bayanta ko a hammatarta, don a nan nonon ayu yake.

Lokacin wucewar shamuwa ne, suna ta keta sama zuwa kudu. Ran nan ba ni da baƙi, amma na fita da sassafe don in duba ruwa. Tun daga nesa na hango jirgin yayana Awad a bakin tafki, shi kuma yana tsaye a ruwa har ƙirji, ya duƙufa a kan taru.

"Yaya, me ka kamo haka?" na ɗaga murya. "Jirgin sojan ruwa?"

Bai yi dariya ba.

"Wuce, Karrar. Je ka wajen Turawanka."

Ban wuce ba. Da na matso na gan ta. Taru ya naɗe ta tun daga wutsiya har wuya, ta yi ta juyi a ciki har zare ya nutse a fatarta. Ayu ba kifi ba ce. In ba ta ɗago ta sha iska ba, nutsewa take yi kamar ni da kai. Idonta ƙarami a buɗe yake, yashi ya kwanta a kansa.

Ɗan yana zagaya ta. Ya tura ta da baki, ya ɗago ya shaƙi iska, ya koma ya sake tura ta.

"A kan ciyawa ka kafa taru?"

"Kifi ya shigo jiya da yamma, garke guda."

"Yaya, a kan ciyawa?"

"Batul ta haihu," ya ce, matarsa ke nan. "Da me zan yanka ragon suna? Da Turancinka?"

Shi ma ya sani, ni ma na sani. Gaɓarmu tana cikin gandun da gwamnati ta keɓe don kare halittun ruwa. Taru a kan ciyawa, a ƙwace jirgi. Ayu a cikin tarun, sai kotu.

Ya yi ta yankan zaren da wuƙa, amma abin ya ƙi warwaruwa. A ƙarshe ya ce in je in kira Baffa.

Baffa Hasaballa yayan mahaifinmu ne, kuma tun da Baba ya rasu shi ke yanke magana a gidanmu. Ya zo ya tsaya a gaɓa da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a binne ta.

"Mu ba ma cin abin da ke shayarwa a ƙirji," in ji shi. "Kakanninmu ba su ci ba. A rufa mata asiri."

Asirin wa ake rufawa, ba wanda ya tambaya.

Aka ɗaura mata igiya, jirgin Awad ya ja ta zuwa ƙarshen tafki, raƙumin Baffa ya ƙarasa da ita bayan itatuwan shura. Aka haƙa rami a yashi. Tarun ya ƙi fita daga jikinta, sai aka sa ta da shi, har da 'yan robobin da ke sa shi yawo a saman ruwa. Baffa ya shimfiɗa mata tsohon mayafi kafin a tura ƙasa.

Ɗan ya bi jirgin har inda ruwa ya gaza masa. Ya tsaya a nan yana kai da kawowa. Da na koma cikin kwalekwalena zan tafi, sai na ji an buga shi daga ƙasa. Na leƙa. Ya shige ƙarƙashina, ya jera jikinsa da jikin robar. Tsawonsa bai kai rabin kwalekwalen ba. Ya lalubo gefe da leɓensa mai gashi-gashi, daidai inda hammata za ta kasance, ya fara tsotso.

Launin kwalekwalen ɗaya ne da na uwar. Ban taɓa lura ba sai ran nan.

Na tuƙa, ya biyo ni. Na tsaya, ya tsaya. Na kai shi kan ciyawa ko zai ci, ya ɗan taɓa da baki ya dawo gefen robar. Ta cikin kwalekwalen nake jin kukansa, siriri, kamar na ɗan tsako.

Bayan la'asar maza suka taru a rumfar Baffa. Aka soya gahawa a kan garwashi, aka daka ta da citta, aka zuba a jabana, tulun yumɓun da muke dafa ta a ciki. Awad ne ke zubawa. Da finjali ya zo hannuna, na ajiye shi a kan yashi a gabana.

A wajenmu in ka ajiye finjali ba ka sha ba, da magana a bakinka, kuma ba mai tashi sai an ji ta. In ka ɗauka ka sha, magana ta mutu. Abin da aka yanke ya hau kanka kamar yadda ya hau kan kowa.

Baffa ya kalli finjalin, ya kalle ni.

"Ɗan boko, zafi ta yi maka, ko citta ce ta yi yawa?"

"Baffa, ɗan zai mutu."

"Kowa ma zai mutu."

"Bai iya cin ciyawa ba tukuna. Nono yake nema a jikin kwalekwalena."

"Allahu Akbar," wani ya ce daga baya. "Karrar ya yi ɗa tun bai yi aure ba. Yaushe ne suna?"

Aka yi dariya. Awad bai yi ba, ni ma haka.

"A bar ni in kira Dakta Nirmin," na ce.

Kowa ya san ta. Likitar dabbobi ce ta hukumar gandu, takan zo duba ramukan ƙwan kunkuru, ta sha gahawa a wannan rumfar ba sau ɗaya ba.

"Mace mai kirki," in ji Baffa. "Ita kaɗai za ta zo?"

"Da masu gadi."

"In ta ga ɗan, me za ta fara tambaya?"

Na juya finjalin a kan yashi.

"Ina jin ka. Kai ne mai karatu."

"Ina uwar."

"To."

Ya kurɓi tasa. Garwashi ya yi ƙara. Na dubi Awad, shi kuma jabana yake kallo kamar yau ya fara ganin ta.

"Ban ce a bar maraya ya mutu ba," Baffa ya ci gaba. "Mu ba arna ba ne. Zarga tana da nono." Zarga ita ce taguwarsa, wadda ba ya bari kowa ya tatsa sai shi. "Nonon taguwa ya ta da mai ciwon hanta a gabana. Ya raini ɗan barewa a gidan nan. Ubanka kansa da shi aka raine shi lokacin da kakarku ta kwanta ciwo, ka kuwa ga irin ƙaton da ya zama. Kifi ne zai gagare shi?"

"Ba kifi ba ne, Baffa."

"Ai ka ga ma ya fi sauƙi. Kullum safe ka zo ka karɓa, kafin kowa ya sha. Ka raini ɗanka, mu riƙe namu. Ɗauki finjalinka, ta huce."

Duk rumfar ni ake kallo. Ni ma da nonon taguwa na girma. Ban taɓa ganin abin da ya cuta ba. Na ɗauka na shanye. Ta yi sanyi, ɗacinta ya fito.

Batul ce ta ba ni bulumboti, kwalbar shayar da jariri. Wata 'yar uwarta ta kawo mata daga birni cikin kayan barka, ba ta ko buɗe shi ba. Tana zaune a kan tabarma da jaririyar a ƙirji, ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ga shi, uban maraya. Ka wanke shi da ruwan zafi tukuna."

"Na gode, matar Yaya."

"Bai ci abinci ba tun safe," ta ce. Awad take nufi. "Kada ka ga kamar bai dame shi ba."

Washegari na ɗaure bulumbotin a gefen kwalekwale, bakinsa a cikin ruwa, daidai inda yake tsotso. Ya tura shi, ya kauce, ya dawo. Can sai na ga nonon yana raguwa. Na riƙe numfashina har ya shanye rabi. Ran nan na tuƙa zuwa gida ina waƙa, abin da ban saba ba.

Baffa ya ce, "Ban gaya maka ba?"

Kafin a yi sunan 'yar Awad, baƙi sun gano shi. Ba yadda zan ɓoye. Duk inda kwalekwalena ya nufa yana ƙasa, in ya ɗago shan iska hancinsa yana gogar gwiwar hannuna. Suka daina kallon zalɓe. Gaggafar kifi ta faɗo ta ɗauki kifi a gabansu, ba wanda ya juya. Kowa waya a hannu, ana ta ihu ƙasa-ƙasa. Bulumbotin kuwa sai sun tafi nake fito da shi.

Ustaz Midhat ya tare ni a gaɓa da hannuwa a buɗe.

"Karrar! Kai, munafuki, ashe asiri gare ka ba ka faɗa ba? Hotonka ya kai Jamus! Waya ta ƙi yin shiru, kowa yaron ayu yake son gani."

"Haka ne, Basha." Haka yake son a kira shi.

"Me kake shafa wa kwalekwalen? Gaya mini in shafa wa sauran."

"Ba komai."

"Uwar fa? Kwana biyu ba a ganin ta a hoto."

"Tana can waje."

Ya dube ni ɗan lokaci. Mutum ne mai wayo. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce gobe akwai ƙarin baƙi, in zo da wuri. Bai sake tambaya ba.

Aka yi suna, aka yanka rago. Yarinya ta ci sunan Inna. Na ci nama kaɗan na koma ruwa.

Daga nan abin ya fara juyawa. Cikinsa ya kumbura, sauran jikin kuma yana zubewa. Fatar wuyansa ta yi ninki-ninki kamar rigar da ta yi wa yaro yawa. Ƙashin bayansa ya fito. Abin da ke fita daga cikinsa ruwa ne fari, mai wari, yana yawo a bayanmu. Sai ya kasa nutsewa. In ya yunƙura zai yi ƙasa, cikin ya dawo da shi sama kamar tulun da aka toshe, ya karkata gefe guda. Rana ta ƙona gadon bayansa har ya fara saɓulewa. Na cire rawanina na jiƙa na rufa masa.

Baƙi suna cewa wasa yake yi. Wata tsohuwa ce kawai, mai madubin hangen tsuntsaye a wuya, ta matso da kwalekwalenta kusa da nawa ta ce a hankali, "Yaron nan ba shi da lafiya." Na ce haka suke barci. Ta kalle ni har sai da na kau da kai.

Na sami Baffa yana tatsar Zarga.

"Nonon bai karɓe shi ba."

"Sabo ne bai yi ba. Jariri ma yakan yi zawo."

"Baffa, ba ya iya nutsewa."

"A jiƙa dabino a tace a haɗa masa. Yana ƙarfafa ciki."

"A bar ni in kira ta."

Ya ci gaba da tatsa. Nono yana faɗawa cikin ƙwarya, tsuu, tsuu.

"Wa ya ɗura maka gahawar nan?" ya ce. "Ni?"

"A'a."

"Da hannunka ka ɗauka?"

"Da hannuna."

"To karɓi nononka ka tafi."

Na gwada dabinon. Bai ko taɓa bulumbotin ba. Ya jingina kansa da robar kawai, kukan nan nasa ya koma can ƙasa, sai na kwantar da kunne a jikin kwalekwalen nake jin sa.

A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai a kan tudun da ke bayan makabarta. Tudun tsirara yake, ko ciyawa babu. Duk wanda ya hau, gari ya gan shi. Hanyarsa kuma ta gaban gidan Awad ta bi.

Yana zaune a inuwar jirginsa yana saƙa sabon taru. Bai ɗago ba, amma ya san tafiyata.

"Ina zuwa da rana tsaka?"

Na tsaya.

"Budurwa aka yi a birni? Gaya mini in je in nema maka."

"Yaya, mutuwa yake yi."

"Na gani. Kana tsammani ba na gani? Kullum ta gabana kuke wucewa." Ya ja zare da haƙori. "Ina rufe ido uwar nake gani. Ban yi da gangan ba, Allah ya sani."

"Na sani."

"To me kake so? In mutu ni ma?"

"Ba zan faɗi sunanka ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai yaro ne. Ka ga jirgin nan? Baba ya bar mana shi. Da shi na biya maka makaranta har ka iya cewa gud monin. Cikin gidan can mace ce da ɗanyen jego." Sai yanzu ya ɗago. "Dabba ce, Karrar. Ni nono ɗaya muka sha da kai."

Na tsaya ina kallon yatsunsa a cikin zaren, sannan na wuce.

Bai kira ni ba. Da na kai saman tudun na waiga, mata sun fito ƙofar gidaje, Baffa yana tsaye a bakin rumfarsa da sanda. Ba wanda ya ɗaga murya. Na danna lambar.

Da hantsi washegari motar gandu ta iso, Dakta Nirmin da masu gadi biyu. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta shiga ruwa da kayan jikinta har kugu, ni ina riƙe da kwalekwale don kada ya matsa, shi kuma yana jingine da shi. Ta shafa cikin, ta danna, ta sa kunne. Ta ɗaga rawanin ta ga bayan.

"Me kuka ba shi?"

"Nonon taguwa."

Ta rufe ido.

"Da dabino," na ce. "Amma bai sha ba."

"Cikinsu ba ya narkar da irin wannan nonon. Ruɓewa yake yi a hanji, ya zama iska." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan. "Tun yaushe yake shi kaɗai?"

"Tun kafin sunan 'yar yayana."

"Karrar, ban san ranar sunan 'yar yayanka ba."

Na lissafa mata. Ta gyaɗa kai.

"Da na kira ki ran farko fa, Dakta?"

"Ban sani ba. Babu wurin rainon irinsa a ƙasar nan. Akwai madarar da ake haɗa musu, daga waje ake kawowa, da na nema. Wataƙila ta iso a kan lokaci. Wataƙila." Ta share fuska da bayan hannu. "Ban sani ba. Riƙe mini kansa."

Ta zura masa siririyar roba ta baki, iska ta fito da wari. Ta ɗura masa ruwan magani, ta yi masa allura. Muka kafa masa inuwa da mayafi a kan filafili biyu. Ustaz Midhat ya kwashe baƙinsa ya kai su kallon duwatsu a cikin daji, ya ce ruwa ba kyau yau.

Ta zauna a ruwan tare da ni har azahar ta wuce. Tazarar numfashinsa tana ƙaruwa. In ya ɗago, sai na tallafa masa haɓa. Wani lokaci ya lalubo gefen robar da leɓe, ya ɗan motsa baki, ya bari. Na jira numfashi na gaba. Na yi ta jira. Dakta ta ɗora hannunta a kan nawa ta janye shi daga haɓar.

Da muka fito ta zauna a kan yashi tana matse gefen rigarta.

"Ina uwar?" ta ce.

Ba a ma buƙaci amsata ba. Tun da safe masu gadin suka ga ungulu suna sauka bayan itatuwan shura, suka bi. Karnuka sun riga sun tone gefe guda. Ga mayafin Baffa, ga taru, ga robobinsa. Kowane masunci a wajenmu yana ƙona alamar gidansu a jikin robobin tarunsa, irin wadda ake yi wa raƙuma a wuya, don kada a yi rigima in ruwa ya tafi da shi. Ɗaya daga cikin masu gadin ɗan ƙabilarmu ne. Kallo ɗaya ya yi wa alamar, ya gane ta gidanmu ce.

Awad bai gudu ba, bai yi musu ba. Shi da kansa ya taya su ɗora jirgin Baba a bayan mota, yana gaya musu inda za su sa igiya don kada katako ya tsage. Sannan ya shiga ya zauna a tsakaninsu. Batul ta fito da jaririya a kafaɗa, ta tsaya. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni sau ɗaya.

"Bulumbotina," ta ce.

Na je na kwance shi daga jikin kwalekwale na kawo mata. Ta karɓa ta jefa shi cikin garwashin murhu, ta shige ɗaki.

Gawar ɗan kuwa Dakta ta tafi da ita a naɗe cikin leda, ta ce za su buɗe cikin su rubuta.

Bayan la'asar na je rumfa, don ban san inda zan je ba. Aka matsa mini wuri kamar kullum. Ba wanda ya zage ni. Ana maganar lauya, da wanda ya san wani a birni, da raƙumin da za a sayar. Baffa da kansa ya ɗauki jabana, tun da mai zubawa ba ya nan. Ya zuba wa na damana. Ya ɗaga hannu ya tsallake ni, ya zuba wa na haguna. Haka a zagaye na biyu. Haka a na uku.

Wanda ya yi mini ba'ar suna ran nan ya buɗe baki zai ce wani abu, ya fasa.

Na zauna har aka tashi.

Awad yana can yana jiran shari'a. An sayar da Zarga. Inna tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, a rufe. Na roƙi Ustaz Midhat ya canza mini kwalekwale, ko ja ko rawaya, ya ce ina, mai ruwan tokan nan shi mutane suka sani a hoto, shi suke tambaya.

Shamuwa sun gama wucewa. Jiya na fita da baƙi, mata da miji da 'yarsu. Na nuna musu zalɓe, na nuna musu sheƙar gaggafa, yarinyar ta ƙirga ƙaguwa har ta gaji. Da muka kai bakin tafki na ce a ajiye filafili. Ciyawa ta yi tsawo a ƙasa, ba abin da ya taɓa ta. Ruwa yana ɗan bugun robar daga ƙasa, ni kuma na hana kaina leƙawa.

Mutumin ya duba agogo, ya tambaye ni ko ayun takan daɗe kafin ta fito.

"Ku jira," na ce.